Yaya aka yi ƙarfe mai kama wuta da iska mai guba suka haɗu suka zama gishirin miya?

Ɗalibar Aji Huɗu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji huɗu na sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma wannan ne zangonmu na farko a darasin kimiyyar sinadarai. A makon da ya gabata malaminmu ya rubuta NaCl a allo, ya ce wannan shi ne gishirin da muke zubawa a miya, kuma ya samu ne daga haɗuwar sodiyom da kilorin. Daga nan ya ƙara da cewa sodiyom ƙarfe ne da ke kama wuta idan aka jefa shi a ruwa, shi kuwa kilorin iska ce mai guba da aka taɓa kashe sojoji da ita a fagen yaƙi. Na ɗaga hannu zan yi tambaya ke nan sai aka kaɗa ƙararrawa, tun daga ranar kuma abin yake cina a rai, har idan na ga mahaifiyata tana barbaɗa gishiri a tukunya sai in tsaya ina kallonsa kamar baƙon abu.

Tambayata ta farko ita ce, idan da gaske waɗannan abubuwa biyu suna cikin gishiri, ina haɗarinsu ya tafi? Ta biyu kuma, a gwajin da aka yi mana na rubuta "molekul ɗin ruwa" malam ya ba ni maki, amma da na rubuta "molekul ɗin gishiri" sai ya soke da jan biro, ya rubuta a gefe cewa gishiri ba shi da molekul. Ni kuwa a ganina H₂O da NaCl duk salon rubutu ɗaya ne, ban ga abin da ya raba su ba. Ina roƙon wanda ya sani ya warware mini bambancin ƙwayar zarra da molekul da ayon, domin na haddace ma'anoninsu daga littafi, amma haddar ba ta hana ni ruɗewa ba.

Tsohon Malamin Kimiyya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na daɗe ina koyar da wannan darasi kafin in yi ritaya, kuma da wuya shekara ta wuce ba a samu ɗalibin da ya kawo mini wannan tambaya ba. Tambayoyin naki biyu amsarsu ɗaya ce, amma sai mun fara daga tushe.

Duk abin da kike iya taɓawa an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda littafinku ya kira atom. Kowace ƙwaya tana da cibiya, a cikin cibiyar akwai furoton mai cajin tarawa da niyutron marar caji, sannan a kewayenta akwai ilektron mai cajin ɗebewa. Yawan furoton ne ke tantance ko wane sinadari ne: mai guda 1 haidurojin ne, mai 8 oksijin, mai 11 sodiyom, mai 17 kilorin, haka har zuwa sinadarai na asali 118 da aka sani a yau. A ƙwayar da ba ta yi mu'amala da kowa ba, yawan ilektron daidai yake da yawan furoton, saboda haka cajin biyu suna soke juna. Su ilektron ɗin kuma ba a warwatse suke ba, suna zaune ne hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Na sodiyom guda 11 sun kasu 2 a ciki, 8 a tsakiya, 1 a waje. Na kilorin guda 17 sun kasu 2, 8, 7.

Ki riƙe wannan ɓawo na waje da kyau, domin da shi ne ƙwaya take gamuwa da maƙwabtanta, kuma daga gare shi ne kusan dukkan halinta yake fitowa. Ilektron ɗaya tilo da ke wajen sodiyom riƙonsa sako-sako ne, ba ya da wuyar ɓallewa. Idan aka jefa gutsuren sodiyom a ruwa, sai ya miƙa wa ruwan wannan ilektron cikin gaggawa, iskar haidurojin ta fito, zafi mai yawa ya tashi, har zafin ya kan kunna iskar. Wutar da malaminku ya ambata ke nan, kuma shi ya sa ake ajiye sodiyom a nutse cikin mai a ɗakin gwaji. Kilorin kuwa gurbi ɗaya ya rage masa ya cika takwas, saboda haka fizgar ilektron yake yi daga duk abin da ya samu, ko da kuwa naman huhun ɗan Adam ne. Wannan fizga ita ce gubarsa, ita ce kuma aka yi amfani da ita a kan sojoji a Ifir ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

To, ki duba abin da zai faru idan mai neman sauke kaya ya gamu da mai neman kaya. Sodiyom ya saki ilektron ɗinsa, kilorin ya karɓa, ciniki ya faɗa. Yanzu sodiyom yana da furoton 11 da ilektron 10, ya zama mai cajin tarawa ɗaya, ana rubuta shi Na⁺. Kilorin yana da furoton 17 da ilektron 18, ya zama mai cajin ɗebewa ɗaya, ana rubuta shi Cl⁻. Ƙwayar da ta zama mai caji ta hanyar rasa ilektron ko ƙara shi, ita ake kira ayon. Abin da ya sa sodiyom ke kama wuta shi ne ilektron ɗin waje, ga shi ya tafi. Abin da ya sa kilorin ke ƙona huhu shi ne gurbin da bai cika ba, ga shi ya cika. Sunan bai canja ba saboda cibiyar ba ta canja ba, amma abin da ke cikin tukunyar mahaifiyarki ayon ne, ba ƙarfe ba ne, ba iska ba ce.

A nan ne bambancin cakuɗa da haɗaɗɗen sinadari yake fitowa fili. Idan tsakuwa ta shiga gero, gero yana nan a geronsa, tsakuwa tana nan a tsakuwarta, mai rairaya za ta raba su, kuma babu wata ƙa'ida da ta ce dole kowane mudu ya ƙunshi tsakuwa kaza. Haɗaɗɗen sinadari kuwa sabon abu ne mai halinsa na kansa, kuma awonsa a ƙayyade yake. Kowane giram 58.5 na tataccen gishiri yana ɗauke da giram 23 na sodiyom da giram 35.5 na kilorin, ko daga Bilma aka kawo shi, ko daga Keana ta jihar Nasarawa, ko daga ruwan teku. Wani Bafaranshe, Joseph Proust, shi ya tsaya kai da fata a kan wannan ƙa'ida a ƙarshen ƙarni na 18, sannan John Dalton na Mancesta ya ba da dalilinta a 1808, inda ya ce ƙwayoyin zarra ne ke haɗuwa bisa ƙidaya ta lambobi cikakku. Abin lura shi ne mutane sun yi dubban shekaru suna cin gishiri ba wanda ya taɓa ganin ƙarfen sodiyom da ido, sai a 1807 da Humphry Davy ya ware shi da ƙarfin lantarki, shi ne kuma ya tabbatar a 1810 cewa kilorin sinadari ne na asali.

Sai batun jan biro. Ba kowace haɗuwa ce ake yi ta hanyar bayarwa da karɓa ba, akwai ta tarayya. Oksijin yana da ilektron 6 a waje, haidurojin yana da 1, kuma babu wanda zai sakar wa ɗan'uwansa gaba ɗaya, sai su yi tarayya a kan ilektron ɗin, kamar manoma biyu da suka haɗa kuɗi suka sayi shanun huɗa, kowa yana ƙirga su a cikin dukiyarsa. Oksijin ɗaya da haidurojin biyu da suka ƙulla irin wannan tarayya sun zama gida guda mai iyaka, suna tafiya tare, wannan shi ne molekul. Idan kika ce H₂O, kina nufin wannan gida mai ƙwayoyi uku.

A gishiri babu irin wannan gida. Kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ guda shida, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, kowane Cl⁻ shi ma yana kewaye da Na⁺ shida, haka jerin yake tafiya har bakin ƙwayar gishirin. Ki tuna zanen saƙi, fari na bin baƙi, baƙi na bin fari, ba za ki iya nuna wani fari ki ce ga baƙinsa na musamman ba. William Bragg da ɗansa Lawrence ne suka gano wannan tsari a 1913 ta hanyar haska gishiri da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi. Idan kika zuba ɗan gishiri a kan baƙin ƙyalle kika duba da gilashin ƙara girma, za ki ga da yawa daga ƙwayoyin suna da kusurwa daidai kamar ƙananan tubala, wannan siffa daga jerin ciki ta fito. Saboda haka NaCl ba sunan gida ba ne, awo ne kawai da ke cewa ɗaya ga ɗaya. Malaminku ya yi daidai da ya soke, sai dai da ya ƙara miki layi biyu na bayani a gefen takardar.

Ma'aikaciyar Jinya daga Damagaram ta rubuta:

Baba Malam, Allah ya saka da alheri. Mu da Faransanci muka karanta wannan darasi, kuma ban taɓa jin sa ya zauna mini kamar yau ba. Ƙanwata, ni zan kawo miki abin da nake gani a wurin aiki ne, domin ayon ɗin nan da kike haddacewa su ne muke auna wa marasa lafiya.

Idan gishiri ya shiga ruwa, jerin da Malam ya kwatanta da saƙi warwarewa yake yi. Molekul ɗin ruwa yana da ɓangaren oksijin mai ɗan cajin ɗebewa da ɓangaren haidurojin mai ɗan cajin tarawa, sai su yi wa kowane ayon rubdugu, su janye shi daga jeri, su kewaye shi. A cikin jininki, ke nan, babu wani abu mai suna NaCl da ke yawo a dunƙule, akwai Na⁺ daban, akwai Cl⁻ daban. Saƙon da jijiya take kaiwa daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa, da bugun zuciya kansa, sun dogara ne a kan shiga da fitar ayon na sodiyom da fotasiyom da kalsiyom ta bangon ƙwayoyin halitta. Ledar ƙarin ruwan da aka fi ɗaura wa majinyaci giram 9 na gishiri ne a cikin lita ɗaya ta ruwa. Yaron da gudawa ta kama ba ruwa kaɗai yake zubarwa ba, har da waɗannan ayon, shi ya sa idan babu haɗin asibiti muke koya wa iyaye mata su zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Amma kada jin cewa haɗari ya tafi ya sa a sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, saboda yawan sodiyom yana taimaka wa hawan jini.

Akwai kuma abin da nake so ki sani, wato kilorin yana iya komawa halinsa na iska. An taɓa kawo mana wata mata tana tari kamar ranta zai fita, idanunta jajir, hawaye na zuba. Da muka bincika, sai ta ce ta haɗa ruwan bilic da wani maganin wanke masai mai asid a bokiti guda, a cikin banɗaki a rufe, wai don ya fi fita. Asid ɗin ya saki iskar kilorin daga bilic ɗin, ta shaƙa. Allah ya sa ta fito da wuri, ta warke. Ƙwayoyin kilorin ɗin da suka kusa hallaka ta iri ɗaya ne da waɗanda ke cikin miyar da ta ci da rana, lissafin ilektron ɗinsu ne kawai ya bambanta.

Da yake Malam ya ambaci Bilma, a can ana ganin wannan darasi da ido. Ruwan gishiri yana taruwa a ramuka, rana ta busar da shi, ayon ɗin da ruwa ya raba su koma jerinsu, gishiri ya taso a saman ruwan. Mafi kyawunsa shi ne beza na ci, sauran kuma a cakuɗa a zuba a mazubi a yi kantu na dabbobi, ayarin raƙuma ya ratso Tenere da shi zuwa Agadas da kasuwanninmu na kudu. Shi kantu, bisa bayanin Malam, cakuɗa ne, domin akwai ƙasa da wasu gishirori a cikinsa, shi ya sa launinsa ba fari tas ba.

Ɗalibin Jami'a, Sashen Sinadarai, ya rubuta:

Malam, ina neman afuwa, ɗalibi ne zai ɗan sa baki a gaban malaminsa. Bayanin bayarwa da karɓa daidai ne ga mai farawa, amma akwai wani wuri da ya daɗe yana yaudarata, kuma ba na so ƙanwarmu ta ɗauki kuskuren har jami'a kamar yadda na ɗauka. Mun saba cewa sodiyom "yana so" ya yar da ilektron, kamar dai yarwar ce ke ba shi sauƙi. A gaskiya cire ilektron daga sodiyom ƙarfi yake ci. Ga mol guda (awon yawan ƙwayoyin zarra), wato giram 23 na sodiyom, ana kashe kilojul 496, shi kilojul ma'aunin makamashi ne. Kilorin idan ya karɓa yana mayar da kilojul 349 kawai. Idan aka tsaya a nan, cinikin faɗuwa ne. Ribar tana zuwa ne a lokacin da ayon masu cajin tarawa da masu cajin ɗebewa suka jawo juna suka shiga jeri, inda kimanin kilojul 787 ke fita. Wato wannan jeri da ya hana gishiri zama molekul, shi ne ya biya kuɗin haɗuwar tun farko. Shi ya sa na yarda da Malam cewa tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, har ma fiye da yadda ya faɗa.

Ƙarfin jerin ne kuma ya sa gishiri ba ya narkewa a kan wuta sai zafi ya kai digiri 801, alhali ƙarfen sodiyom kansa yana narkewa a wajen digiri 98, ƙasa da zafin tafasar ruwa. Kafin gishiri ya zama ruwa-ruwa sai an karya jan da ke tsakanin ayon da maƙwabtansa shida. Ƙanƙara kuwa tana narkewa a digiri 0, ruwa ya tafasa a digiri 100, domin abin da ake rabawa shi ne gida da gida, ba mutanen cikin gida ba. Tururin da ke fita daga tukunya har yanzu H₂O ne. Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa tafasa tana raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin, wannan kuskure ne da ke cin maki.

Wani ɗan ƙarin bayani a kan 35.5 ɗin kilorin, wanda kuma shi ne ake rubutawa a matsayin nauyin ƙwayarsa, domin na san za ta tambaya yadda aka yi ƙwaya ta samu rabi. Babu ƙwayar kilorin mai nauyin 35.5. Kimanin uku cikin huɗu suna da niyutron 18, idan aka haɗa da furoton 17 nauyinsu 35, ɗaya cikin huɗu kuma tana da niyutron 20, nauyinta 37, matsakaicinsu ne ya ba da 35.5.

Ƙanwata, za ki iya gwada maganar ayon a gida. Ki sami batura uku na tocilan, da ɗan ƙaramin ƙwan fitila irin na tocilan ta zamani, da waya, da ƙusoshi biyu. Ki haɗa su yadda wutar ba za ta zagaya ba sai ta ratsa ruwan da ke tsakanin ƙusoshin a cikin kofi. Ki yi amfani da tataccen ruwa irin wanda masu gyaran batirin mota ke sayarwa, ki tabbatar ba mai asid ba ne. Ki gwada da sukari a kofi ɗaya, da gishiri a wani. Sukari molekul ne, C₁₂H₂₂O₁₁, ƙwayoyi 45 a gida guda, idan ya narke gidajen ne ke rabuwa, babu mai caji a cikinsu da zai ɗauki wuta. Kada ki kuskura ki gwada da wutar soket. Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ne ya kawo wannan ra'ayi na rabuwar gishiri zuwa ayon a cikin ruwa a kundin digirinsa na 1884, malamansa ba su gamsu ba, suka ba shi sakamako mai rauni, amma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1903.

Ɗalibar Aji Huɗu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da ke Anti, da kai Yaya. Yayana mai gyaran waya ne ya haɗa mini kayan jiya da daddare. Da ruwan sukari ƙwan bai ko motsa ba, da ruwan gishiri kuwa ya kama sosai, har na ga ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin ƙusa ɗaya. Sai dai da muka gwada ruwan rijiyarmu, wanda ba mu zuba masa komai ba, ƙwan ya ɗan yi haske kaɗan idan aka kashe fitilar ɗaki. Mene ne dalili? Mun kuma jiƙa kanwa mun gwada, ita ma ta kunna ƙwan. Na duba littafi na ga an rubuta Na₂CO₃, to ita kuma ayon ce ko molekul, kuma me ya sa sodiyom ya zama biyu a nan alhali a gishiri ɗaya ne?

Tsohon Malamin Kimiyya ya sake rubutawa:

Ɗana na jami'a, gyaranka ya karɓu, kuma babu buƙatar neman afuwa. Mu kan ce "yana so" ne don a aji huɗu ba a riga an koyar da lissafin makamashi ba, amma na yarda cewa kalmar takan manne a kan yaro fiye da yadda muke nufi.

'Yata, ruwan rijiya ba H₂O zalla ba ne. Kafin ya taru ya ratsa ƙasa da duwatsu, ya narkar da abin da ya samu, musamman ayon na kalsiyom da magniziyom da dangin kabonet. Su ne suka ɗauki ɗan wutar da kika gani. Ki leƙa cikin tukunyar da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a cikinta, za ki iya ganin wani farin ɓawo ya kama gindinta, yawancinsa CaCO₃ ne, wato sinadarin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi. Waɗannan ayon ne kuma ke hana sabulu yin kumfa a ruwan wasu rijiyoyi. Kumfar da kika gani a jikin ƙusa kuwa iskar haidurojin ce, wutar batir ce ta fitar da ita daga ruwan.

Kanwa ta kawo mu ga nau'in da ban ambata ba. Kabon ɗaya da oksijin uku suna ƙulla tarayya kamar molekul, amma ƙungiyar gaba ɗayanta tana ɗauke da rarar ilektron biyu, saboda haka ana rubuta ta CO₃²⁻, ita ce ake kira kabonet. A cikinta tarayya ce, a wajenta kuwa ayon ce, tana shiga jeri kamar yadda Cl⁻ yake shiga. Dalilin da ya sa sodiyom ya zama biyu shi ne dole cajin haɗaɗɗen sinadari ya tashi babu, kuma cajin ɗebewa biyu ba ya sokuwa sai da Na⁺ guda biyu. Kanwar kasuwa dai, ko fara ko ja ko ungurnu, cakuɗa ce, a cikinta akwai Na₂CO₃ da NaHCO₃ da ɗan gishiri da ƙasa. Ki ɗiga mata ruwan tsamiya ko na lemun tsami, za ta yi kumfa, domin asid yana wargaza ƙungiyar kabonet, iskar CO₂ ta fita, ita kuwa wannan iska molekul ce cikakkiya. Alamar Na ɗin ma daga dangin kanwa ta samo asali, domin an ɗauko ta ne daga natiriyom, sunan da ya fito daga natrun, irin kanwar da ake haƙa a Wadin Natrun na ƙasar Masar tun zamanin Fir'aunoni. Idan kuma kika gamu da kalmar alkali a littafinku, ba alƙalin kotu ake nufi ba, kalma ce daga Larabci mai nufin tokar tsirrai, irin wadda iyayenmu ke tacewa su sami ruwan toka.

Ga aikin gida kafin ki koma aji. Kalsiyom yana da furoton 20. Ki jera ilektron ɗinsa hawa-hawa kamar yadda muka yi wa sodiyom, ki gano ilektron nawa zai saki da cajin da zai ɗauka, sannan ki rubuto mana yadda za a rubuta haɗinsa da kilorin, da dalilin da ya sa haɗinsa da kabonet bai buƙaci lamba biyu ba.